DARASIN WATA: MASU HAƘAR ZINARIYA DA MANYAN KAMFANONI, YAYA ZA A ZAUNA A YI MAGANA?

Mahuta ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fakai, cikin Masarautar Zuru, a Jihar Kebbi. Noma shi ne babbar sana'ar mutanen wannan yanki. Ana noma dawa da gero da masara da shinkafa da wake. Amma da zarar an kai amfanin gona rumbu, samari da yawa sukan ɗauki diga da shebur da igiya, su nufi wurin haƙar zinariya. Wasu suna zuwa Garin Awwal, wasu su gangara ƙasar Yawuri. Akwai gidajen da kuɗin taki da kuɗin makarantar yara duk daga rami suke fitowa.

To, zinariyar da talaka ya gani, mai kuɗi ma ya gan ta. Kamfanoni na gida da na waje suna neman takardar izini a kan irin wannan ƙasa. Ranar da motar kamfani ta tsaya a bakin ramin da mutane suka shekara goma suna haƙa, me zai faru? Darasin wannan wata a kan wannan tambaya yake. Yana da kyau a karanta shi a aji, a kuma karanta wa waɗanda ba su shiga aji ba tukuna, musamman masu zuwa rami.

ME YA SA IDO YA DAWO KAN WANNAN ƘASA?

Masana sun tabbatar akwai duwatsu masu ɗauke da zinariya a Maru da Anka ta Jihar Zamfara, da Birnin Gwari, da ƙasar Zuru, da Yawuri. Ba yau aka san da su ba. Tun 1913, zamanin Turawa, aka fara rubuta lissafin zinariyar da ake haƙa a Nijeriya. Aikin ya yi ƙarfi a shekarun 1930, sannan ya ja baya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Turawa suka bar ramukan, mutanen ƙasa suka ci gaba da kaɗan-kaɗan.

Abin da ya sake tayar da maganar shi ne farashi. A kasuwar duniya ana auna zinariya da oza, watau nauyin da ya ɗan ɗara giram 31. A 2020 oza ɗaya ta haura dala 2,000. A watan Maris na 2025 ta haura dala 3,000, kuma kafin shekarar ta ƙare ta wuce dala 4,000. Dutsen da a da ba ya mayar da kuɗin haƙa, yanzu yana mayarwa har da riba.

A watan Yuli na 2020 an kai wa shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, sandar zinariya mai nauyin kilo 12 da rabi, wadda aka samu daga masu haƙa da hannu. Babban Bankin Nijeriya ya saye ta naira miliyan 268. Shirin da ya kawo wannan, mai suna PAGMI, da jihohin Kebbi da Osun aka fara shi. A 2021 kuma wani babban kamfani ya fara fitar da zinariya da manyan injuna a Segilola, cikin Jihar Osun.

A yankin Mahuta har yanzu yawancin haƙar ta hannu ce. Saboda haka yanzu ne lokacin shiri. Ba a fara gyaran jinka bayan ruwa ya sauko.

GONA TA MANOMI CE, ZINARIYAR CIKINTA FA?

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Mutum ya gaji gona daga kakansa, sai ya ɗauka duk abin da ke ƙarƙashinta nasa ne. Doka ba haka ta ce ba. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, da Dokar Ma'adinai ta 2007, sun ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasa yana hannun Gwamnatin Tarayya. Ba na mai gona ba ne, ba na dagaci ba ne, ba na sarki ba ne, ba ma na gwamnan jiha ba ne. Manomi yana da haƙƙin saman ƙasa: shukarsa, itatuwansa, gidansa, rijiyarsa. Wanda zai haƙi na ƙarƙashi kuwa sai da lasisi.

Ofishin da ke ba da lasisin yana Abuja. Ana kiransa Ofishin Kadasta, watau ofishin rajistar filayen ma'adinai. Ƙa'idarsa ita ce wanda ya riga nema shi ake ba, in ya cika sharuɗɗa. A lura da wannan da kyau. Ba wanda ya riga haƙa ba, wanda ya riga kai takarda.

Lasisin iri-iri ne, kuma sanin bambancinsu yana da amfani ƙwarai.

Akwai lasisin bincike. Wannan na neman sanin ko akwai ma'adini ne, da kuma yawansa. Yana ɗaukar shekara 3, ana iya sabunta shi sau biyu, shekara bibbiyu. Filinsa yana iya kai murabba'in kilomita 200, watau kamar tafiyar kilomita 14 a tsaye da 14 a kwance. Ƙauyuka da yawa za su iya faɗawa ciki ba su sani ba. Mai wannan lasisi ba a ba shi izinin haƙa don sayarwa ba.

Akwai lasisin babbar haƙa, na shekara 25, a fili har murabba'in kilomita 50. Yaron da aka haifa ranar da aka ba da shi zai yi aure, wataƙila har ya haihu, lasisin bai ƙare ba.

Sannan akwai lasisin ƙaramar haƙa, na shekara 5, a filin da bai wuce murabba'in kilomita 3 ba, watau hekta 300. Ɗan Nijeriya shi kaɗai yana iya nema, ƙungiyar gama-kai mai rajista ma tana iya nema. Wannan shi ne ƙofar da doka ta bar wa talaka.

INDA RIGIMA TAKE FARAWA

A ɗauki misali. Mutum ɗari uku suna haƙa a wani tudu shekara da shekaru. Sun san kowane lungu, sun binne 'yan'uwansu da rami ya rufta da su. A wajensu wurin nasu ne, domin guminsu ya jiƙa shi. Sai kamfani ya zo da takarda mai hatimi daga Abuja. Shi ma ya biya kuɗi, ya ɗauko masana, wataƙila ya ci bashin banki. A wajensa mutanen nan ɓarayi ne da suka shiga filinsa.

Kowane ɓangare yana ganin shi ne mai gaskiya, kuma kowane yana da abin kamawa. Gaskiyar da kamfanoni ba su cika son faɗa ba ita ce, sau da yawa ramin talaka ne yake nuna musu inda zinariya take. Gaskiyar da masu haƙa ba su son ji kuma ita ce, haƙa ba tare da lasisi ba laifi ne a doka, komai daɗewar mutum a wurin. A watan Maris na 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa runduna ta musamman daga cikin jami'an Sibil Difens, aikinta kama masu haƙa ba da izini ba.

Idan ba a zauna ba, abin da ke biyo baya sananne ne. Kamfani ya kira jami'an tsaro, a kori mutane da rana, su dawo da dare. Haƙar dare kuwa ta fi kisa, domin ana yin ta da gaggawa, ba tokare, ba haske. A ƙona injin kamfani, a kama samari, gari ya rabu biyu: masu cin albashin kamfani da waɗanda aka kora. Ita ma gwamnati, idan ta ga wurin haƙa ya zama matattarar fitina, takan rufe shi ga kowa. A Zamfara, saboda ta'asar 'yan bindiga, an hana haƙar ma'adinai daga watan Afrilu na 2019 har zuwa Disamba na 2024. Mai lasisi da marar lasisi duk hanin ya shafe su.

LABARI BIYU DAGA ƘASAR GANA

Ƙasar Gana, a nan Afirka ta Yamma, ta riga Nijeriya shiga wannan matsala, domin tana da manyan kamfanonin zinariya tun fiye da shekara ɗari. Ta halatta ƙaramar haƙa ga 'yan ƙasa a 1989. Akwai garuruwa biyu a can da ya kamata mai karatu ya riƙe sunansu.

Na farko Obuwasi. Kamfanin AngloGold Ashanti yana da babban fili a nan, samarin gari kuma sun daɗe suna kukan ba a bar musu inda za su haƙa ba. A farkon 2016 ɗaruruwan masu haƙa suka kutsa cikin filin, aka yi watanni kafin a fitar da su. A shekarar ce kamfanin ya mayar wa gwamnati kashi 60 cikin ɗari na filinsa. Duk da haka wutar ba ta mutu ba. A watan Janairu na 2025 sojoji suka yi arangama da masu haƙa a wurin. Sojoji suka ce mutum bakwai sun mutu, ƙungiyar masu haƙa ta ce tara ne.

Na biyu Damang. A shekarun 1990 kamfanin Abosso Goldfields ya tarar da masu haƙa da hannu a filin da aka ba shi. Maimakon kora, sai ya bi wata hanya. Aka ware musu wuraren da kamfanin ba zai taɓa ba a lokacin. Aka rubuta sunayensu, aka ba su katin shaida, don a san ɗan gida da baƙo. Aka kafa kwamiti wanda ya haɗa kamfani da masu haƙa da sarakuna da hukuma. Wannan ya kawo zaman lafiya na shekaru, har masana suna ba da misali da shi.

Sai dai irin shirin Damang yana da rauni guda. Ya dogara ga yardar kamfani. Idan farashin zinariya ya tashi, wurin da aka ce ba a so jiya sai a so shi yau. Idan aka sayar da kamfani, sabon mai shi yana iya cewa bai san zancen ba. Kyauta ana iya karɓe ta. Abin da aka rubuta, aka sa masa wa'adi da shaidu, shi ya fi wuyar karɓewa.

ABIN DA DOKA TA BA GARI

Dokar 2007 ba ta bar mutanen ƙauye hannu sake ba. Akwai abubuwan da ta tanada, kuma jahiltarsu asara ce.

Sashe na 100 ya ce idan filin da ake nema ya haɗa da ƙasar da wani yake riƙe da ita, sai an sanar da shi, an sami yardarsa, kafin a ba da lasisi. In bai yarda ba, ana iya cire nasa wurin daga cikin lasisin. Wannan takardar yarda ita ce babban makamin gari. Abin baƙin ciki, ita ce kuma aka fi sayarwa da arha. Baƙo ya zo da goro da buhun shinkafa da ɗan kuɗi a ambulan, a miƙo takarda da Turanci, a dangwala yatsa. Wanda ya dangwala bai san faɗin filin ba, bai san shekarun ba, bai ma riƙe kwafi ba. Amfanin yaƙi da jahilci ke nan a fili. Wanda ya iya karatu zai ce a dakata, a karanta, a fassara, a kira mutane.

Sashe na 107 ya ce a biya diyya idan an ɓata shuka ko itatuwa masu amfani ko gine-gine. Ɗorawa da kaɗanya da mangwaro duk dukiya ce, a ƙirga su tun kafin katafila ta shiga. Sashe na 98 ya hana yin aiki a wurin da jama'a suke girmamawa bisa al'ada ko addini, ya kuma hana sare itacen da ake girmamawa. A ƙasar Zuru, inda akwai duwatsu da kurmi da tsofaffin kufai masu tarihi, wannan sashe yana da nauyi.

Sai sashe na 116, wanda ya fi kowane muhimmanci a wannan darasi. Ya ce mai lasisin haƙa ba zai fara aiki ba sai ya ƙulla yarjejeniyar raya gari da jama'ar wurin. A cikinta ake maganar tallafin karatu, koyon sana'a, ɗaukar 'yan gari aiki, hanya, ruwan sha, asibiti, da kula da muhalli. Ana sake duba ta duk shekara 5. Idan an kasa daidaitawa, ana kai maganar gaban Ministan Ma'adinai. A sani, wannan sharaɗi ya hau kan mai lasisin haƙa ne. Mai lasisin bincike bai kai nan ba tukuna.

KUJERAR DA BABU

Yanzu mai karatu ya sake duba abin da aka lissafa. Mai gona yana da haƙƙi. Gari yana da haƙƙi. To mai rami fa? Wanda ba gonarsa ba ce, ba shi da lasisi, wataƙila ma daga Zamfara ko Sakkwato ko Jamhuriyar Nijar ya zo? A wajen wannan zama doka ba ta ajiye masa kujera ba. Ana iya gama yarjejeniya, a gina rijiyar burtsatse da aji biyu, kowa ya yi tafi, shi kuwa an raba shi da abincinsa ba wanda ya tambaye shi. Kuma shi ne zai dawo da dare.

Kada a ce ai kamfani zai ɗauke su aiki. Babbar haƙa ta injuna ce. Inda mutum dubu suke ci da diga, kamfani yana iya ɗaukar ɗari ko ɗari biyu, yawancinsu masu takardar makaranta. Sauran sai gadi da dako.

Saboda haka mai rami shi zai sassaƙa wa kansa kujera, kuma hanyar ita ce ƙungiyar gama-kai. Kamfani ba zai iya magana da mutum ɗari uku ɗaya bayan ɗaya ba. Amma zai iya magana da ƙungiya mai rajista, mai shugaba da sakatare da ma'aji, mai littafin sunaye. Dokar 2007 ta ɗora wa ma'aikatar ma'adinai taimaka wa irin waɗannan ƙungiyoyi da horo da shawara. Ana yin rajistar ƙungiya a ofishin gama-kai na jiha, sannan a kai sunanta ga sashen ƙananan masu haƙa na ma'aikatar ma'adinai ta tarayya. Akwai jami'in ma'adinai na tarayya a kowace jiha, na Kebbi yana Birnin Kebbi.

Aikin farko na ƙungiya shi ne ta binciki matsayin wurin da take haƙa. Shin akwai lasisin wani a kansa? Wane iri? Yana da rai ko ya mutu? Wannan tambaya ba ta banza ba ce. A watan Nuwamba na 2023 gwamnati ta soke lasisi 1,633 saboda rashin biyan kuɗin shekara. A watan Afrilu na 2024 ta sake soke 924 da aka ajiye ba a aiki da su. Ke nan ba kowace takarda da aka ɗaga a gaban dagaci ce take da rai ba. A rubuta lambar takardar, a sa a duba ta a Ofishin Kadasta. Idan wurin babu lasisin kowa, ƙungiya ta yi sauri ta nemi nata. Amma ta tuna, ranar da ta samu, ita ma sashe na 116 ya hau kanta. Ita ma sai ta zauna da gari.

Akwai abin tsoro a nan. Wani lokaci mai kuɗi, wanda yake ba da jari yana sayen zinariya, shi ke kafa ƙungiya da sunan masu haƙa, lasisi ya fito da sunansa. Masu shiga rami su riƙa tambaya: sunan wa ke kan takarda?

SU WA ZA SU ZAUNA?

Zaman da aka yi a ɗakin otal a Birnin Kebbi da mutum uku ba zama ba ne. A yi shi a gari, da rana, a ƙofar fada ko a makaranta, a sanar tun da wuri. A yi magana da harshen da mutane suke ji. Inda tsofaffi suka fi sakewa da harshensu na gado, a samo tafinta.

Hakimi da dagatai su ne iyayen taro, amma kada su zama bakin kowa. Masu gona su zo da wakilinsu, masu haƙa da nasu. A kira Fulani makiyaya, domin shanunsu ne ke faɗawa ramin da aka bari, su ne kuma ke shan ruwan da aka gurɓata. A kira mata. Su ne ke daka dutse da wanke ƙasa da sayar da abinci a bakin rami, amma su ake mantawa. In ba za su sake a gaban maza ba, a yi musu zama nasu, a kawo abin da suka faɗa. Limami da fasto su zama shaidu. Ƙaramar hukuma ta turo wakili. Doka ta kafa kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha, wanda yake duba maganar diyya da gurɓata ƙasa, shi ma a sanar da shi.

Daga ɓangaren kamfani, a nemi wanda zai iya yanke magana. Ɗan aike mai cewa "zan kai wa manya" yana cinye lokaci ne kawai.

Wakilin masu haƙa ba ya bukatar zagi ko roƙo. Yana iya cewa: "Ranka ya daɗe, mu mutum kaza ne, ga sunayenmu. Ga ramukanmu a taswira. Ba mu zo hana aiki ba. Muna so a nuna mana iyakar filin, a gaya mana inda za a fara da lokacin da za a fara." Magana irin wannan tana da wuyar turewa.

ME ZA A NEMA?

Babbar bukata ita ce wuri. Filin kamfani yana da faɗi, kuma ba duka yake amfani da shi ba. Zinariyar da ke kusa da sama, a siraran jijiyoyi, sau da yawa ba ta biyan kuɗin babban inji, amma tana ciyar da mai diga. Mafi ƙarfin mafita shi ne kamfani ya saki wani yanki a hukumance, ƙungiya ta nemi lasisin ƙaramar haƙa a kansa. Nan wurin ya zama nata a doka. In hakan bai samu ba, sai a nemi izinin aiki a cikin filin kamfani, a rubuce, da wa'adi. Amma a kula kada a ba mutane tudun da babu komai. A nemi kamfani ya nuna sakamakon bincikensa na wurin, tsofaffin masu haƙa su ma su je su gani da idonsu.

Akwai wata hanya da aka gwada a garin Segobiya na ƙasar Kolombiya, a Kudancin Amurka. Ƙungiyoyin ƙananan masu haƙa suna aiki a filin kamfani bisa kwangila, suna kai dutsen injin kamfanin, ana biyansu. Injin yana fitar da zinariya fiye da yadda turmi da kwano za su fitar. Amma can ma an yi rigima a kan rabo, har aka yi yajin aiki na fiye da wata guda a 2017. Darasin shi ne, duk inda za a sayar wa kamfani dutse, sai an fayyace wa zai auna, da wane sikeli, a gaban wa, da wane farashi.

Sauran abubuwan su ne hanyar wucewa, ruwa, lokacin fasa dutse da nakiya, cike ramuka, da inda za a kai ƙara idan wani ya saɓa. Wannan na ƙarshe kada a raina shi. Ƙaramin kwamiti mai zama duk wata yana kashe wuta tun tana ƙarama.

Su ma masu haƙa akwai abin da za su ɗauka. Ba ƙetare iyaka, ba haƙar dare, ba yara a rami, ba ɓoye ɗan bindiga ko sayar masa da komai. Wanda ya karya, ƙungiya ta fara hukunta shi kafin kamfani ya yi magana. Mutanen ƙasar Zuru ba baƙin alkawari mai wa'adi ba ne. A al'adar golmo saurayi yakan yi shekaru yana noma wa surukansa, kowa ya san farkon aikin da ƙarshensa, gari kuma shaida ne. Bambancin kawai shi ne, kamfani ba ya jin kunyar gari yadda suruki yake ji. Don haka sai an rubuta.

A rubuta da Hausa da Turanci. A sa iyaka da duwatsu ko turaku da kowa zai gani. A rubuta cewa yarjejeniyar ta hau kan duk wanda ya sayi kamfanin nan gaba. Kwafi ɗaya a fada, ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a ƙaramar hukuma, ɗaya wajen jami'in ma'adinai. Inda hali ya yi, lauya ya duba kafin a sa hannu, kuma ba lauyan kamfani ba.

MAGANAR DA TA FI ZINARIYA

Akwai batun da ya kamata ya shiga kowane zama, ko da an kasa daidaitawa a kan sauran. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara, waɗanda ba su da nisa da ƙasar Zuru. Dutsen zinariyar wurin yana ɗauke da dalma. Ana kawo shi gida ana daka, ana niƙa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, a Bagega kuwa sai 2013 aka yi. A 2015 abin ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Dalma ba ta da wari, ido kuma ba ya rabe dutse mai ita da marar ita. Kamfani yana da hanyar gwada dutse. Ƙungiya ta nemi a gwada nata, a gaya mata sakamako. Ta nemi taimakon wurin niƙa a bayan gari, inda ake jiƙa dutse da ruwa don kada ƙura ta tashi, da wurin wanka da canja tufafi kafin a koma gida. Haka nan zaiba, farin ruwan nan mai nauyi da ake kama zinariya da shi. Hayaƙinta idan an ƙona yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya fi cutar da mai ciki da jariri. Akwai ɗan murfin ƙarfe da ake ƙona ta a ciki, ya tare hayaƙin, zaibar ta dawo a sake amfani da ita. Maƙeri zai iya ƙera shi in an nuna masa. Wannan abu ne mai araha ga kamfani, kuma daga irinsa ake fara gane ko da gaske yake.

AIKIN AJI

Malamin aji ya raba ɗalibai gida uku. Kashi na farko su zana taswirar ƙauyensu a babbar takarda, su sa gonaki da rafi da burtali da maƙabarta da wuraren da ake girmamawa, da ramukan haƙa in akwai. Kashi na biyu su rubuta wasiƙa zuwa ga jami'in ma'adinai na tarayya a Birnin Kebbi, suna tambaya ko akwai lasisin wani a kan ƙasar ƙauyen, da irinsa, da ranar ƙarewarsa. Kashi na uku su je wajen dagaci cikin ladabi, su tambaya ko an taɓa kawo takardar neman yarda, in an kawo ina kwafinta. A mako mai zuwa kowane kashi ya karanta abin da ya samo a gaban aji.